Turakun Baba Dabo

Shekara da shekaru muna yi wa Baba Dabo kallon mai cika baki, kuma ni Rabi'atu ina sahun gaba a masu dariyar. Gidansa yana kallon namu a wani lungu na unguwar Sa'alaba a Jidda, lungun da in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace. Gadi yake yi a wani sito a unguwar Mahjar, abin da aka rubuta a iƙamarsa ma ke nan, wato takardar izinin zamansa. Amma in ya zauna da kofin shayi bayan la'asar, ba ya zancen gadi, sai na kurmi.

Mutumin ƙasar Kontagora ne. Ya ce tun yana saurayi yake hawan kuka da turaku: ya kafa ɗaya a jikinta, ya taka, ya kafa na gaba, har ya kai inda zuma take. Neman abinci ya kai shi kurmin kudu, wurin masu saran katako. Can, in ji shi, akwai itatuwan da suka girmi kakan kowa, saiwoyinsu a tsaye kamar katanga, sai an ɗaura gadon sanduna an hau kafin gatari ya sami inda zai ci. Wasu ba a kayar da su sai an fara cire musu kai, don rassansu sun sarƙe da na kusa. Aikinsa ke nan shekara tara. Igiya ɗaya ce ke zagaye shi da itacen, ya jingina baya, ya cilla ta sama, ya bi ta. Daga baya ya zo aikin hajji, Allah ya yi zamansa a nan.

Mu da aka haifa a Jidda me muka sani? Dabino ne dogon itacenmu. Nakan ce masa, "Baba, bara itacen nan hawa takwas ne, bana ya koma goma sha biyu. Har yanzu girma yake yi?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Ke dai 'yar nan, bakinki ya fi ki."

To, a tsakar gidanmu akwai darbejiya. Mahaifiyata, Inna Mastura, ita ta dasa ta da hannunta shekarar da aka kawo ta gidan. Itacen ya yi ta tafiya sama har ya wuce duk rufin da ke lungun. Inna ta tsufa, idonta ya tafi, duniyarta ta koma tabarmar da ke gindinsa. Da motsin inuwar take gane azahar ta yi.

Shekara uku da suka wuce aka yi ruwa da iska, wani babban reshe ya ɓalle ya fasa tankin ruwan maƙwabcinmu Abdulghaffar, daidai inda matarsa ke shanya. Ban ga laifinsa ba da ya zo. Ya durƙusa ya ce, "Inna, wallahi ba don tankin ba, iyali nake ji." Ya kawo masu injin zarto. Suka dubi lungun, suka ce motar ɗaga mutum ba za ta shiga ba, su kuma ba mai hawa can ƙoli. Sai dai su ɗaure itacen, su yanke shi daga ƙasa, shi ke nan. Aka sa ranar Asabar.

Inna ba ta yi musu ba. Abinci kawai ta rage, ta ce da ni, "Da sun ɗan jira na riga ta tafiya."

Ranar Alhamis da hantsi sai ga Baba Dabo da buhu. Ya zazzage shi: turaku ne ya fiƙe daga karyayyun ƙotocin shebur na sitonsu, ga igiya, ga gatari. Ya ce kan kawai zai cire, a bar gangar jikin ta rayu. Matarsa Shatu tana bayansa tana masifa, ni ma na taya ta. Na ce, "Baba, shekara sittin da shida fa. Kada a ce a kan itace muka yi jana'iza." Bai ko dube ni ba. Abdulghaffar ya amince, ya tara maza huɗu su riƙe igiya a ƙasa.

Ya huda jikin itacen, ya buga turke, ya taka. Ya cilla igiyar ƙugunsa sama, ya bi ta. Mutumin da nake gani yana jan ƙafa zuwa masallaci, yau ga shi yana hawa a natse kamar mai hawa matakalar gidansa. Rassan ya fara bi ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure, ya sare, a sauke a hankali. Da ya rage sai kan, sai ya rataye gatarin, ya shiga naɗa igiya a jikin itacen ƙasa da inda zai sara. Naɗi yake yi ba ya gaggawa.

Abdulghaffar ya ɗaga murya daga kan rufi: "Yalla ya Baba, yi sauri, rana tana yi."

Baba Dabo ya ce, "Ɗana, sai an ɗaure wa itace wuya kafin a cire masa kai. In kan ya karkata, jikin yakan tsage ya buɗe, igiyar ƙugunka ta matse ka da shi. Haka abokina ya tafi ina kallo, don ya ce rana tana yi."

Sai da ya ƙarasa naɗinsa. Ya yi sara ta nan, ya koma ta can. Kan ya karkata, sai muka ji ƙara, tsagar ta taho ƙasa da gudu, ta zo kan naɗin ta tsaya cak. Itacen ya yi ta lilo da tsohon, shi kuwa ya rungume shi har ya lafa. Sannan ya sauko. Na kawo masa ruwa, na rasa abin tsokana, kunya ta ishe ni.

Sai dai Inna ba ta yarda ba. Inuwa babu, ta shafa ta ji kututture, ta ce lallashinta muke yi, itacen da ba kai gawa ne. Baba Dabo ya ce ta yi haƙuri, darbejiya tana da taurin rai. Sati bakwai ina ɗaga kai kullum har wuyana ya yi ciwo.

Wata safiya na hango jajayen tofo a can sama. Na gaya wa Inna, ta ce, "Ke da bakinki." Na leƙa na kira Baba Dabo. Ya sa igiyarsa, ya bi turakunsa da ke nan a kafe, ya tsinko ɗan reshe mai ganye biyar, ya sauko ya sa mata a tafin hannu.

Ta murza shi, ta shinshina, ta sa a baki ta tauna. Fuskarta ta yamutse, hawaye na bin kumatunta.

"Ita ce," ta ce. "Na san ɗacinta. Rabi, zubo mini abincin nan, ki fara ba Dabo."