Idon da Na Bari a Filin Ƙwallon Gora

Assalamu alaikum Edita. A lokacin da abin nan ya same ni, ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, haifaffen Misfala a Makka. Iyayena Kanawa ne, ta Sudan suka biyo da ƙafa, suka sauke farali suka yi zamansu. Baba baduku ne, a rumfarsa nake ɗinkin takalma da jakunkunan alhazai. Sai dai ni ba ni da zama. Inna takan ce ƙaiƙayi gare ni a tafin ƙafa, don ba na gama takalmi ɗaya ban miƙe na leƙa titi ba.

Kusa da rumfarmu akwai wani tela Ba'indiye, dattijo, wanda ya yi aikin jirgin ruwa a ƙuruciyarsa. Shi ya fito mana da wasu sanduna masu lanƙwasasshen kai da wata 'yar ƙwallo mai tauri kamar dutse, ya koya mana ƙwallon gora a wani fako da ke bayan gidajen ƙarshe na unguwa. Bayan la'asar muke haɗuwa, mu Hausawa da 'yan tsibirin Jawa da Yamalawa. Dokarsa ɗaya ce, kullum sai ya maimaita ta: gora ba ta wuce kafaɗa. Ban taɓa samun abin da ya kwantar mini da rai kamar wasan nan ba. In ƙwallo tana gaban gorata, duk ƙaiƙayin nan sai ya bar ni. A ganina a lokacin, ɗan kallo mutum ne da ya zauna yana ƙirga lomar wani.

Sannu a hankali labari ya bazu. Samarin unguwar Hindawiyya suka sassaƙa nasu sandunan suka ce sai mun gwada, mutane kuma suka fara cika duwatsun gefen fili. Daga nan wasa ya sake kama. A da, da dariya muke tashi, yanzu kuwa sai an raba faɗa. Telan ya yi ta faɗa har ya gaji, ya koma zama can nesa yana girgiza kai.

Cikin 'yan Hindawiyya akwai aminina, wanda iyayensa suka zo ta Chadi. Tare muka tashi kafin su ƙaura, kwano ɗaya muke ci. Ɗiban ruwa yake yi a gidaje, saboda haka damtsensa kamar taɓarya. Ran da abin zai faru, ya tare ni sau da dama amma a hankali, don ba ya son ya ji mini ciwo. 'Yan kallo suka lura, suka sa shi gaba da ihu da Hausa da Larabci, wai yana jin tsorona, wai ya sayar da unguwarsa. Na ji wani da babbar murya yana cewa, "Ɗaga mana ka maka! Ko hannun aro gare ka?" Na ga fuskarsa ta canja. Ƙwallo ta gangaro tsakaninmu, na sunkuya in ɗauke ta, shi kuma ya ɗaga gora sama da kansa ya sauke da iyakar ƙarfinsa. Kan gorar ya same ni a idon hagu.

A asibiti likita ya gaya wa Baba cewa idon ya tafi, abin da ya rage shi ne a tsare ɗayan. Aka mayar da ni gida, aka rufe taga, aka ce kada in ga rana. Edita, zafin ciwon bai kai zafin zaman ba. Ina kwance ina jin takun mutane suna wucewa zuwa Harami, ƙafafuna suna motsi su kaɗai. In tashi, in dafa bango, in zagaya ɗakin, in koma. Baba bai yi mini faɗa ba ko sau ɗaya, wannan ma ya fi ci mini rai. Kowa ya zo dubiya, har waɗanda ban sani ba, amma ban da aminina. Duk sallamar da aka yi sai in kasa kunne, ba muryarsa. Tun ina ba shi uzuri har zuciyata ta ƙulle da shi.

Telan ne yake ɗebe mini kewa. Wata rana ya ba ni labarin wata ƙasa mai sanyi da jirginsu ya taɓa tsayawa, inda ya ga ana irin wasanmu a kan ƙanƙara. Ya ce ruwa ne ya daskare ya zama fili, 'yan wasa suna ɗaura takalma masu ƙarfe kamar wuƙa a ƙasa, suna sulalewa da gudun da doki ba zai kamo su ba. Ni da ban san ƙanƙara ba sai guntun da ake naɗewa a buhu lokacin aikin hajji, sai labarin ya shiga raina, na dinga ganin kaina ina sulalewa a farin fili. Na ce masa lallai kallon wannan ya yi daɗi. Ya ce wasan dai ya yi kyau, amma bai iya zama har ƙarshe ba, don mutanen wurin ba su miƙe tsaye da murna ba sai da 'yan wasa biyu suka yar da sanduna suka kama dambe, haƙorin ɗaya ya faɗi.

Da na warke na koma fili da gorata. Ƙwallo ta taho, na kai duka, na sami iska. Na sake, haka. Mai ido ɗaya ba ya gane nisan abu, ko basilla ma sai da na sake koyon sokawa a rumfa. Dole na hau dutse na zauna cikin 'yan kallo, kafaɗata tana zabura duk sanda aka buga. A nan na ji abin da ban taɓa ji ba ina cikin fili. Mutanen da ke gefena ba wanda ya taɓa riƙe gora, amma kowa gwani ne. Mai babbar muryar nan yana nan, bai ma gane ni ba. Ina ji yana ce wa na kusa da shi wasan ya lalace, yara sun zama matsorata tun da aka fasa wa wani ido. Na sauka na bar wurin.

Daga can sai na nufi Hindawiyya. Mahaifiyar aminina ta ce ya bar ɗiban ruwa ya bi motocin Jidda, kuma ya sha zuwa ƙofar gidanmu ya tsaya ya juyo. Na yi ta sintiri a tasha har na dace da shi yana ɗaure kaya. Da ya gan ni sai igiya ta kuɓuce masa, ya kasa ɗaga kai. Na riƙe hannunsa na ce, "Ɗan'uwa, ido ɗaya na rasa, kada ka sa in rasa ka kai ma." Ya durƙushe a nan yana kuka, yana cewa wallahi bai gan ni ba, ihun kawai yake ji. Mun shirya, amma bai sake taɓa gora ba, kuma duk inda za mu je a hagu da ni yake tafiya. Har Allah ya karɓi ransa ban sani ba ko tsare ni yake yi, ko kuwa ba ya son in riƙa ganinsa.

Ban taɓa ganin laifin wasan ba, har gobe in na ji ƙarar gora sai na waiwaya. Abin da na koya shi ne, mai wasa ya san zafin duka, shi ya sa yake sassautawa, wanda ke kan dutse kuwa ba abin da zai same shi. Matasa masu zuwa filayen wasa, ku ji tsoron Allah a kan harsunanku. Wanda kuma tsautsayi ya biyo ta hannunsa, ya daure ya shiga ya duba ɗan'uwansa, ko da ba zai iya cewa komai ba. Mu biyu muka ɗauki abin nan har tsufa, wanda ya yi ihun kuwa gida ya tafi ya ci tuwonsa.