Huhun Goron Maharazu

Mutanen Cadawa kan ce ko ba ka ƙirga wata, kantin Maharazu zai gaya maka lokacin da ake ciki. Da bazara ta kama, ruwan hauya da igiya ne a bakin ƙofa. In an sayar da gyaɗa kuɗi sun shigo hannu, sai atamfa da kwanoni su sauko daga bisa. Azumi kuwa na sukari ne da ganyen shayi. Shi kansa mutum ne da ba ya iya zama. Kullum da safe sai ya taɓa kowane kaya da hannunsa, ya goge, ya juya, ya mayar, tun daga sandar sabulu har kwalin ashana. Haka ya ga ubansa yana yi, wanda ya zo daga ƙasar Katsina da jaki guda.

A shekara ta biyu da fara yaƙi a Najeriya, kantin ya daina bin lokaci. Motocin da ke hauro da kaya daga kudu suka yi ƙaranci. Kananzir ya koma awon murfin kwalba, sabulu ana yanka shi gida huɗu. Maharazu yakan fita bakin hanya sau goma a wuni, ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya dawo ya sake jera abin da ya riga ya jera.

Bayan ƙaramar salla wani direban babbar motar kaya ya tsaya shan ruwa, ya raɗa wa Maharazu cewa yana da huhun goro guda, kuma ba a san ranar da wani zai sake ƙetarowa ba. Maharazu bai taɓa sayar da goro ba. Amma ƙwaya ɗaya ta tashi daga dala zuwa dala biyu, shi kuma ya tabbata kafin layya za ta kai huɗu. Ya kwashe duk abin da ya samu a kakar gyaɗa, wanda da shi zai saro kayan bazara, ya ba direban. Ya ɓoye huhun a ɗakin bayan kanti.

Kande, tsohuwar da ta shekara talatin tana sayar da goro a gindin tsamiya, ita ta fara ganewa. Ta hangi guntun ganyen naɗin goro manne a rigarsa.

"Ɗan nan, sau nawa kake buɗe shi?"

"Buɗe me, Inna?"

"Ni za ka yi wa? Goro ba sabulu ba ne. In ka ɗaure, ka bar shi ya yi barci. Sai bayan kwana goma a duba, a fid da mai ciwo."

"Ni ba ni da goro."

"To, Allah ya ba ka."

Ya so ya bi maganarta. Ya daure kwana biyu, a na uku hannunsa ya kai kan igiyar. Daga nan kullum in ya gama da sabulu da ashana sai ya baje goron a tabarma, ya goge ɗaya bayan ɗaya da tsumma, iskar rani tana shan ruwan jikinsu. Da ya ga fatar ta fara yamutsewa sai ya ƙara yayyafi, har ganyen ya ruɓe.

Saura kwana ashirin layya, goro ya kai dala uku. Ran nan maƙwabcinsa Cindo, wanda matarsa ta haihu bayan shekara tara da aure, ya tsaya a ƙofar kanti. Jibi suna, ya zaga kasuwannin Agiye da Gazawa bai samu goron da zai ishe shi ba.

"Ko hamsin ne, Maharazu. Ba na so a raɗa suna mutane su tashi baki wayam."

Maharazu ya dubi ƙasa ya ce babu.

Cindo na tafiya Maharazu ya kasa tsayuwa wuri ɗaya. Ya shiga ɗakin baya ya fito, ya sake shiga. Ya ɗauki goro guda ya fasa, ya ga cikinsa baƙi, sankara ta cinye. Ya fasa na biyu, ya fasa na biyar. Ko hula bai sa ba ya nufi gindin tsamiya.

Kande ta zo ta zauna a tabarmar, tana latsa kowanne da babban yatsa tana jefawa dama ko hagu. Tarin hagu, na masu ciwo, ya ninka na dama.

"Mutumin da ba shi da goro, ga shi da sankara har ta talla," in ji ta. "Wannan mai kyan ma ba zai kai mako ba."

Ranar suna da safe Maharazu ya ɗauki goro ɗari a ƙwarya, ya ajiye gaban liman a ƙofar gidan Cindo. Cindo ya dube shi, ya dubi goron, bai tambayi inda aka samo ba.

"Nawa?"

"Kuɗin bara."

Sauran Kande ce ta sayar masa ran kasuwa, ta cire ladanta. Bazarar nan ba a ga ruwan hauya a ƙofar kantin ba, sai da aka ga damina uku kafin ya sake cika. Har yanzu Maharazu yana goge kayansa kullum da safe. Goro kuwa ƙwaya ɗaya yake saye wurin Kande, in ya kai hannu cikin faifan zai zaɓa takan buge shi ta miƙo masa da kanta.