Tururuwa Uku a Ƙoƙon Nono

Bazarar da ɗiyata ta cika wata huɗu, saura kaɗan tururuwa uku su raba ta da nonona.

Kafin ita na haifi ɗa namiji. Shi ma wata huɗu ya yi, shi ma a bazara ya tafi, zawo ya ɗauke shi cikin kwana biyar. Da yake ɗan fari ne, ban samu na yi kuka a fili ba. A wurinmu abin kunya ne uwa ta nuna ta damu da ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa. Na haɗiye kukan, ya zauna mini a ƙirji. Shi ya sa da Allah ya ba ni wannan, sai na koma mai gadi. Ina daka ina saurare. In na goya ta zuwa rijiya, sai in tsaya a hanya in miƙa hannu baya in taɓa tafin ƙafarta. Maigidana yakan ce wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Nakan ce masa ni tsumman ma duka nake yi.

Bazarar Dakoro ba ta wasa. Gidajenmu kaɗan ne kewaye da rijiya, rijiyar kuwa sai an ɗaura wa sa igiya ya ja ya yi nisa kafin guga ya leƙo. Tun hantsi ƙasa take cin ƙafa. Maigida yakan fita da asuba sharar gona, ya tara kara da ƙaya ya cinna wuta, ya dawo yana ƙaurin hayaƙi. Da la'asar ya hau jinka yana sabunta baibaya kafin ruwa ya faɗi. Ni kuma in jiƙa tsumma in rufa wa yarinya, kafin in gama surfe ya bushe ƙayau. Itatuwa sun soma toho ba tare da ko ɗigon ruwa ba, kowa idonsa na gabas. In uwar maigida ba ta kusa, sai ya sauko ya ɗauki ɗiyar ya hura mata iska a ciki, ta yi ta ƙyalƙyala dariya. Da ya ji takun tsohuwa sai ya dire ta kamar ya ɗauki garwashi.

Tare muke zaune da uwar tasa, Inna muke ce mata. Ba muguwar mace ba ce. Ita ta dafa mini ruwan wankan jego kwana arba'in, da itacen da ta yo da kanta. Sai dai ta binne ƴaƴa biyar, kuma a ganinta wanda ya binne biyar ya fi wanda ya binne ɗaya sani.

Ranar wata Talata yarinya ta tashi da zawo. Washegari na shafa kanta na ji maɗigarta ta faɗa, wurin nan mai taushi a tsakiyar kai ya lotsa kamar an danna yatsa a tuwo. Na san wannan lotsawar. Na zauna a bakin turmi.

Inna ta zo ta shafa. Can ta ce, “Irin na wancan ne. Sau ɗaya ƙaddara, sau biyu a duba nono.”

Ta aika aka kira ungozomar da ta karɓi haihuwata, tsohuwa mai ƙarfin yatsu. Ta sa na tatsa a ƙaramin ƙoƙo. Ta fita gindin danga ta tsinto tururuwa uku da yatsunta, ta jefa a ciki. Dokar ita ce, in sun yi iyo sun fito, nono lafiyayye ne. In sun mutu, nono na da dafi. Muka sunkuya mu uku muna kallo. Suka yi ta wutsil-wutsil, ungozoma ta sa tsinke ta juya, suka lafa.

Ungozoma ta ce, “Kin gani da idonki, ɗiyata. Wanga nono shi ya ci na farko. Kwana bakwai ba ta sha. Za ki sha jiƙo, a wanke maki nonon da ganyen sabara, sannan mu sake gwadawa.”

Na ce, “Iya, mi za ta sha kwana bakwai?”

“Ga akuya nan.”

Na dubi akuyar. Wata biyu ba ta ga ɗanyen haki ba, ƴaƴan gawo take ci, ana iya ƙidaya haƙarƙarinta daga nesa. In an matsa mata safe da yamma, da ƙyar take cika ludayi.

Na bi umarni yini ɗaya, ba zan ɓoye ba. Wa ya aike ni gardama, ni da iyakar karatuna Fatiha da ƴan surorin salla? Kuma maganar ta shige ni: in dai nonona ne ya kashe ɗana, to ni ce na kashe shi. Inna ta karɓi yarinya ta kai ɗakinta, tana ɗura mata nonon akuya da ludayi, rabi na shiga rabi na dawowa. Ina jin kukan yarinyar ta cikin zana. Ƙirjina ya cika ya yi tauri, zanena ya jiƙe, ga abinci yana zuba a ƙasa ga mai shi tana kukan yunwa taku goma daga gare ni. Zuwa la'asar kukan ya ragu. Inna ta ce ta fara sabawa. Ni na san ba sabo ba ne. Wancan ma haka ya yi, ya bar kuka kwana ɗaya kafin ya tafi.

Na je in ɗauko ƙoƙon da aka tatsi akuya in wanke. An bar shi a ƙasa da ɗan saura a ciki. Na ɗaga, sai na ga tururuwa biyu a kwance cikin sauran nonon, sun miƙe ƙafafu. Na tsaya riƙe da ƙoƙo. Sai na tuna sau nawa na tsame matattun tururuwa daga ƙwaryar fura. Sau nawa na zubar da su daga bakin randa. Ban taɓa jin an ce randa na da dafi ba. Na kuma tuna yadda ungozoma ta murtsuke su tsakanin yatsu kafin ta jefa, da tsinken da ta sa ta juya.

Na sami maigida a bayan ɗaki yana ɗaurin ciyawar baibaya. Na faɗa masa. Bai ɗago ba, ya ce, “Inna ce fa. Mi kike so in ce mata?”

Na ce, “Ban ce ka ce komai ba, na san bakinka a ɗaure yake. Gobe da safe ka kawo mani tururuwa. Kada ka kama su da hannu, ka bari su hau kara da ƙafarsu.”

Ya ɗago ya dube ni. “Ni da gemuna, farautar tururuwa?”

“In zaki kake iyawa, kawo zaki.”

Dariya ta kusa kuɓuce masa, amma da ya dubi zanena da ya jiƙe sai ya fasa.

Da hantsi ungozoma ta zo da jiƙonta. Ta tarar na jera ƙoƙo biyu a tsakar gida, ɗaya nonona, ɗaya na akuya da na tatsa a gaban Inna. Maigida ya shigo da kara a hannu, tururuwa na yawo a kai, ya miƙa mini ya koma gefe yana duban sama kamar mai neman hadari.

Inna ta ce, “Ke, mi ye haka?”

Na ce, “Inna, an gwada ni an ce ina da dafi. Ita wadda aka ba ɗiyar, wa ya gwada ta?”

Na karkaɗa uku a nan, uku a can. Ni kaina ban san abin da za su yi ba. Babu wanda ya sa tsinke. A ƙoƙon akuya ɗaya ta kama gefe ta haye, biyu suka nutse. A nawa ma ɗaya ta fita, biyu suka nutse. Daidai wa daida.

Na ce, “Iya, ashe akuyar ma mai dafi ce. Sai a dafa mata jiƙo.”

Ungozoma ta haɗa fuska. “Ba a gwada dabba. Haka muka taras. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya ganinsa.”

“Ban hau rimi ba, Iya. Ƙoƙo na duba.”

Inna ta ce, “Yau na ga rashin kunya. A gaban mijinki kike mayar wa sa'ar kakarki magana?”

Na aje karan. Na wuce ta gabanta na shiga ɗakinta, abin da ban taɓa yi ba sai an kira ni. Yarinya na kwance a kan tabarma, leɓenta ya bushe, idonta rabi a buɗe. Na ɗauko ta na fito tsakar gida, na zauna a gabansu, don kada a ce na yi a ɓoye. Na sa mata nono. Da farko ba ta kama ba. Na matsa mata a leɓe, ta lasa, ta sake lasa, sannan ta kama da wani ƙarfi da ban san ya rage mata ba. Zafin ya ratsa ni har baya, ban taɓa jin zafi mai daɗinsa ba.

Inna ta tsaya a kaina ta ce, “In abin da ya faru da wancan ya faru, alhakin na wuyanki. Kuma Korahane za ki koma, gidan ubanki.”

Na ce, “Na ɗauka, Inna. In za ta tafi, ta tafi da cikinta a cike.”

Ta juya ga ɗanta. “Kai ba ka da ta cewa?”

Ya sunkuyar da kai ya ce, “Inna, ni tururuwa kawai aka aike ni.”

Kwana uku zawon bai tsaya ba. Kwana ukun nan ko rijiya ban je ba, maigida ne ya riƙa ɗebo ruwa, mata suna yi masa dariya. Ina ba ta nono ya fita, in sake ba ta. Kowane lokaci ina shafa maɗiga, ina tambayar kaina ko ni ce mai kuskure. Inna ba ta ce mini ko sannu ba. Ta dai karɓo rubutu daga wurin malam ta aje a bakin ƙofata, na ba yarinya, don ba ni da faɗa da rubutu. Rana ta huɗu na shafa kanta na ji wurin ya ciko, yana bugawa a hankali ƙarƙashin yatsana. Da azahar ta kama gemun ubanta ta ja.

Har yau Inna cewa take rubutu ne ya tashe ta. Ungozoma kuma ta ce jiƙon yini ɗayan da na sha ne ya kashe dafin. Ban musa wa kowa ba. Ni ma ban san abin da ya ɗauke ɗana na fari ba, Allah ne masani, amma na daina ɗora wa ƙirjina. Ranar da shamuwa ta sauka a kan tsamiyar bakin rijiya, aka soma fito da irin gero daga rumbu, na tarar da ƙwaryar kunun kanwa a ƙofata, cike, irin wanda ake dama wa mai shayarwa don nono ya kawo. Inna na can tana tsintar wake, ta ba ni baya.

Na ce, “Inna, an gode.”

Ta ce, “Ki rufe shi, tururuwa na faɗawa.”