Baitocin Tsohon Kanti

Duk sa'ad da na ji ƙamshin gasasshen kifi da aka matsa wa lemun tsami, sai dattijon da muke kira Tsohon Kanti ya faɗo mini a rai, domin haka shi ma yake cin nasa kifin. Mutumin ƙasar Girka ne, mai sayen gyaɗa a tsohuwar Yelwa, Baba ne ke tuƙa masa mota. Tun kafin a haife ni matarsa ta rasu, aka binne ta gindin wata giginya a bakin kogi. Daga nan bai ƙara samun abokin magana da yarensu ba.

Da la'asar yakan zauna gefen kabarin da ɗan littafin waƙoƙin ƙasarsu, yana karantawa a fili. Wata rana Inna ta aike ni in kai masa kifi, ya ce, "Ɗiyata, maimaita abin da zan faɗa." Na maimaita. Ya cire tabarau, ya daɗe yana share ido. Tun ranar ya riƙa koya mini baiti-baiti, ba fassara, don dai ya ji harshensu a bakin wani.

Da aka ce ruwan dam zai ci garin, Baba ya ce masa, "Maigida, ka koma gida mana."

Ya ce, "Wane gida? Garin da aka haife ni ba a cikin Girka yake ba, kuma an ƙone shi ina yaro. Girka kuwa, a waƙa na fi saninta."

Ya nemi izinin ɗauke gawar matarsa zuwa tudu, amma ruwa ya riga takardar isowa. Bayan mun tashi zuwa sabon gari, ya roƙi Baba ya kai shi wurin kabarin a kwalekwale, ya ce a tafi da ni. Kan giginyar kaɗai muka tarar a saman ruwa. Ya buɗe littafin, ya sake rufe shi. Ya ce, "Ɗiyata, ke ki faɗa mata." Na rera duk abin da na haddace. Bai kai damina ta gaba ba.

Yanzu na tsufa. Bara jikata ta ce wayarta tana fassara kowane yare. Na karanta mata baitocin sau uku, wayar ta kasa gane ko kalma ɗaya, shekaru sun lanƙwasa su a bakina. Har yau ban san abin da na faɗa wa matar nan ba.