Akwatin da Emil Bartosh Ya Zauna a Kai

Ƙarfe shida da rabi na safe tsohuwar motar Emil Bartosh ke tsayawa a bayan ɗakin wasanni na sakandaren Kessock, kuma duk mai gida a layin ya san ƙararta, don salansarta ta mutu tun ina da gashi a kai. Zai fito da kofi a hannu ɗaya, tarin makullai a ɗayan, yana jan ƙafarsa ta hagu. Ya buɗe ɗakin kaya, ya kunna injin wanki, sannan ya bi hulunan kwanon 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya. Ya murza kowane noti, ya ja maɗaurin haɓa, ya danna soson ciki da babban yatsa. Wadda bai yarda da ita ba sai ya ture ta gefe yana yi mata faɗa kamar tana ji. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana wannan aiki. Asabar mai zuwa zai miƙa makullan, shi ya sa na roƙi editan jaridarmu ya ara mini wannan shafi.

Sunana Rudy Pavlak. Direban tankar man ɗumama gidaje ne ni, ba marubuci ba, kuma waɗanda suka san abin da ya faru tsakanina da Baba Emil za su yi mamakin ganin sunana a nan. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

Matasan yanzu ba za su yarda ba idan aka ce musu akwai lokacin da Kessock, wannan ɗan garin namu na yammacin Pennsylvania, ke rufe shaguna ranar Juma'a saboda ƙwallo, irin ta Amurka da ake yi da hular kwano ana karo da juna. Lokacin masana'antar ƙarfe na ci, hayaƙinta na baƙanta shanyar iyayenmu mata, ba mai ƙorafi. Yara sittin ke sa rigar ƙungiyar makaranta, wasu ma a kore su don babu gurbi. A ƙarƙashinsu kuma akwai ƙungiyar ƙanana, rukuni huɗu, tun daga 'yan shekara bakwai. A nan ake koya wa yaro rungume ƙwallo ya ruga, da yadda zai kayar da wanda ya fi shi ƙiba, kafin ya isa sakandare ya riga ya dahu. Duk waɗannan kawunan, manya da ƙanana, ta hannun mutum ɗaya suke bi.

Shi kansa Baba Emil bai taɓa buga wasa ko ɗaya ba. Da gajeriyar ƙafa aka haife shi. Amma babu namijin da ya tashi a garin nan da bai zauna a kan bencinsa an gwada masa hula ba. Yana da yadda yake yi: ya jiƙa maka gashi, don a cewarsa da gumi za ka sa ta, ya danna hular, sannan ya kama ƙarfen fuskar ya girgiza. Idan fatar goshinka ta bi hular, ta yi. Idan hular ta zame ita kaɗai, a sake. Ni ina ɗan shekara takwas ya gwada mini uku duk suka ƙi shiga. Ya ja da baya ya dubi mahaifina.

"Malam Pavlak, wannan kai ne ko kabewa ka ɗora wa yaron?"

Shekara ashirin da biyar bayan nan na kai masa ɗana Nolan. Yana ganinmu daga ƙofa ya dafe ƙugu. "Wayyo ni. An sake shuka kabewar."

Saboda Nolan sai da ya sa aka yi odar hula ta musamman, kuma har yaron ya gama girma hularsa kaɗai ce mai irin girmanta a ɗakin.

Matata Marlene na cikin matan coci masu sayar da pierogi, wani cincin fulawa mai dankali a ciki, a bakin fili, don haka tana ganin abin da mu maza ba ma gani, mu da idonmu ke kan ƙwallo. Ita ta gaya mini cewa duk shekara akwai yaran da ke zuwa atisaye da takalmin makaranta. Baba Emil ba ya tambayar dalili. Washegari sai ya kira yaron gefe ya ce, "Kai, wani sakarai ya manta takalminsa a nan tun bara, yana tare mini wuri. Gwada mu gani." Kullum takalmin daidai ƙafar yaron yake. Marlene ta ce ba ta taɓa ganin garin da sakarkaru ke mantuwa da sabon takalmi kamar Kessock ba.

Sai masana'anta ta rufe. Ba rana ɗaya abin ya same mu ba. Wannan iyali su tafi Columbus, wancan su tafi Carolina, gidansu ya zauna da allon sayarwa har allon ya ruɓe. Waɗanda suka rage kuma, iyaye mata suka fara jin labarin abin da karo ke yi wa ƙwaƙwalwa, suka riƙe 'ya'yansu, kuma yau ba na ganin laifinsu. Rukunan ƙanana huɗu suka koma biyu, biyu suka koma ɗaya. Mu manya muna ta zagin koci, muna canza wannan mu kawo wancan, alhali matsalar tana can ƙasa: yaron da bai fara yana ɗan bakwai ba, ba zai faɗo daga sama yana ɗan sha biyar ba. Fitilun fili suka lalace aka kasa gyarawa, wasan Juma'a ya koma Asabar da rana. Baba Emil ya ci gaba da goge huluna sittin, ko da sha huɗu kawai ake sawa.

Shekara uku da suka wuce Nolan na ajin ƙarshe, shi ne mai jefa ƙwallo. A kakar sau biyu muka janye daga wasa saboda rashin yara. Hukumar makaranta ta fito fili ta ce idan aka sake janyewa sau ɗaya, an rufe ƙungiyar, mai son ƙwallo ya haye kogi ya buga wa Ardley. Ardley fa! Garin da kakanninmu suka mutu ba su yafe musu wasan 1958 ba. Kuma wasanmu na ƙarshe da su ne. Ba nasara ake nema a wurinmu ba. Mu dai kai ƙarshen wasan da ƙafafunmu, ƙungiya ta ƙara shekara.

Da yara sha biyu muka fara, su kai hari, su tsare gida, babu hutu. Ba a jima ba ɗaya ya gurɗe a idon sawu, saura sha ɗaya cif, iya adadin da ake buƙata a fili. Ni ina gefen fili cikin masu riƙe sarƙar auna nisan da ƙwallo ta ci. Daf da hutun rabin lokaci wani ƙaton yaron Ardley ya ɗauke Nolan ya maka shi da ƙasa, ƙeyarsa ta fara sauka. Ya miƙe da kansa, ya ɗaga wa mutane hannu, aka yi tafi. Mai duba lafiyar 'yan wasa kuwa mun rabu da shi tun shekara biyu kafin nan. Koci Hensley ya tambaye shi sunansa da ranar, ya amsa daidai. Na ji daɗi har cikin raina, na ce jinina ne.

A hutun, yara suka zube a inuwar ɗakin kaya. Baba Emil na bin su kamar kullum yana duba huluna. Da ya zo kan Nolan ya kama ƙarfen fuskar ya girgiza. Tun yana ɗan bakwai, duk sanda aka yi masa haka sai ya ce, "Baba Emil, za ka cire mini kunne!" Ranar bai ce komai ba. Ya zuba wa tsohon ido, can ya yi ƙasa da murya ya ce, "Baba, da wa muke bugawa?"

Wannan daga baya na ji. Abin da na gani da idona shi ne Baba Emil ya zare hular a hankali kamar zai gyara wani abu, ya ja ƙafarsa zuwa babban akwatin kaya, ya jefa ta ciki, ya rufe, ya zauna a kai. Dokar wasa ce, ba hula ba shiga fili. Kuma ya fi kowa sanin babu wata hular da za ta shiga kan nan.

Nolan ya bi shi. "Baba, hulata."

"Ta lalace."

"Ƙalau take!"

"To kai ne ka lalace. Je ka zauna."

Na yar da sarƙar na taho a guje. Ina so in rubuta abin da na faɗa yadda na faɗe shi, don a gaban mutane na faɗa.

"Emil, tashi daga kan akwatin nan."

"Sannu, Rudy."

"Ba gaisuwa na zo yi ba. Koci ya duba shi, lafiyarsa lau. Likita ne kai? Wanki aka ɗauke ka yi!"

"Wanki nake yi," ya ce. "Yaron nan bai san da wa yake wasa ba."

"Minti ashirin da huɗu suka rage! Ka san abin da hukuma ta ce. Kai da ba ka taɓa taka fili ba, kai za ka kashe mana ƙungiya?"

Na ga maganar ta shige shi. Kunnuwansa suka yi ja. Amma ya gyara zama, ya ɗora hannu biyu a gwiwa, ya ce, "Ka fi ni ƙarfi, Rudy. In kana so, ɗaga ni. Amma da hannunka za ka sa masa ita, ba da nawa ba."

Na tsaya a kansa ina huci. Tsoho ɗan shekara sittin da tara, ba zai fi buhun siminti nauyi ba. Ban ɗaga shi ba, kuma ba don hankali ya zo mini ba ne, kunyar idon mutane ce kawai. Koci Hensley ya durƙusa gaban Nolan ya sake tambayarsa, wannan karon maki nawa ake. Yaron ya buɗe baki ya rufe. Koci ya dubi yaransa goma da suka rage, ya hango arba'in na Ardley, ya tafi wurin alƙalin wasa ya ce mun janye.

A asibiti likita ta ce ƙwaƙwalwarsa ta bugu sosai. Ta ce karo na biyu a rana ɗaya wani lokaci ba ya yin komai, wani lokaci kuma yaro ba ya tashi, kuma ba wanda zai iya faɗa tun kafin ya faru. Marlene ta fashe da kuka. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, rabin farkon maganar na riƙe. Na ce ka ji, ƙila da ba abin da zai faru.

Wata guda bayan nan hukuma ta rufe ƙungiyar. Wasu suka daina gaishe da Baba Emil. A wurin aski aka riƙa cewa ya tsufa, ya fara ruɗewa. Ni idan na hango shi a coci sai in canza layi. Bai taɓa kare kansa ba, bai kuma taɓa faɗa wa kowa abin da na ce masa ba, ko da yake rabin gari sun ji. Ya ci gaba da zuwa ƙarfe shida da rabi saboda rukunin ƙanana ɗaya da ya rage, yara sha bakwai, waɗanda ya san idan sun girma rigar Ardley za su sa. Bana amosanin gaɓɓai ya kama yatsunsa, ba ya iya murza noti, ya ce ba zai sa wa yaro hular da bai ɗaure da kansa ba. Dalilin ajiye aikin ke nan.

Baba Emil, yanzu da kai nake. Kai ne ka fi kowa asara a ranar. Mu Asabar muka rasa, kai kuwa rayuwarka ce gaba ɗaya a ɗakin nan, kuma ka san haka sarai lokacin da ka rufe akwatin. Mu dubu ne a filin, har da uban da ya haife shi, duk muna kallon ƙungiya, kai kaɗai ka kalli yaron. Masanin kan kowa, mai takalman sakarkaru. Na ce maka wanki aka ɗauke ka yi. Na goranta maka ƙafarka a gaban yaran da ka raina. Shekara uku ina ɗauke da wannan magana, kullum in ce gobe zan tsaya a ɗakin kaya, kullum in wuce da tankata. Tunda a bainar jama'a na ci mutuncinka, a bainar jama'a nake roƙonka gafara.

Ga masu karatu kuma, musamman mutanen Ardley da yaranmu ke hannunku yanzu, da duk wanda zai karɓi makullan nan: ku san yaran da aka ba ku. Ku san su har ku gane ranar da ɗaya ya yi shiru a inda ya saba surutu. Idan ranar ta zo, za a yi muku ihu, wataƙila uban yaron ne zai fi kowa ɗaga murya. Ku zauna daram, kada ku tashi. Asabar kuma ƙarfe biyu za a yi wa Baba Emil walima a zauren coci, ku zo, har da waɗanda suka daina gaishe shi. Ni zan riga kowa.

Nolan yana Pittsburgh yanzu yana koyon aikin lantarki. Har yau bai tuna komai na wasan nan ba, sai abin da aka ba shi labari. Jiya da safe ya kira ni, ya yi minti ashirin yana mini mita a kan maigidansa da tsadar haya da wata yarinya da ta ƙi amsa saƙonsa. Na ajiye tanka a gefen titi ina saurare, ban katse shi ko sau ɗaya ba. Da ya kashe wayar na daɗe ban iya tayar da mota ba.

Na gode, Baba Emil. Kessock ta rasa ƙungiyarta, ni kuwa ina da ɗana.