Dutsen da Baba Iliya Ya Sa Mana a Bakin Gulbi

Bana shekara talatin ke nan da muka binne mahaifina, Baba Iliya kafinta. Ni Saratu, babbar ɗiyarsa, yanzu na girme shi, amma har yau idan na tuna shi dariya ke fara zuwa mini kafin hawaye.

Daga ƙasar Zazzau ya zo Gusau, cikin masu aikin hanyar jirgin ƙasa, lokacin da ake shimfiɗa ta. Mu Kiristoci a garin ba mu da yawa, a zauren wani muke taruwa ran Lahadi. Baba mutum ne mai doka, kai, har ta yi yawa. Amma yana da hali guda da ban ƙara gani wurin kowa ba: duk abin da ya hana mu, ya hana kansa. Ya ce yaro ba ya cin goro, shi ma ya bari, alhali yana son goro kamar me.

Babbar dokarsa ta gulbi ce. Ya taɓa ganin ruwa ya tafi da abokin aikinsa, don haka ya nuna mana wani baƙin dutse a mashigi, ya ce muddin ruwa ya rufe shi, babu ɗan gidansa da zai tsallaka, ko da masu fito suna ƙetarar da mutane da gora.

Ina da kamar shekara goma Inna ta tafi haihuwa wurin yayarta, a wani ƙauye na ƙasar Bunguɗu, hayin gulbi. Tsakiyar damina ce. Wata safiya Malam Sani, wani falke mutumin Tsafe da ke shiri da Baba, ya zo da labari cewa Inna ta sauka, an sami namiji, amma jikinta babu daɗi, tana ta kiran sunan Baba.

Muka kama hanya ni da Baba, Malam Sani na biye da mu. Da muka isa mashigi, babu dutse babu alamarsa, ruwa ja wur yana ta gudu. Ga masu fito can suna ɗaukar masu ƙarfin hali, kuma Baba gwanin iyo ne. Sai kawai ya ajiye ƙunshinsa ya zauna. Wallahi na ji haushinsa. Na yi kuka, na ce masa ai dokar ta yara ce, shi babba ne, ya tafi ya bar ni wurin matan da ke sayar da fura. Malam Sani ma ya sa baki, ya ce lalura ce, kowa zai yi masa uzuri.

Baba ya dube ni, idonsa ya yi ja, ya ce, "Ɗiyata, in na tsallaka yau, gobe ke za ki tsallaka. Ni ma ina da Uba, kuma bai buɗe mini hanya ba tukuna. Mu roƙe shi."

Kwana biyu muka yi a ƙauyen bakin gulbi. Ya durƙusa ya yi addu'a, ya tashi ya leƙa ruwa, ya dawo ya durƙusa. Ko loma bai kai baki ba. Na ji shi yana cewa a yi nufin Ubangiji ba nasa ba. A nan na gane cewa biyayyar tana yi masa ciwo fiye da yadda take yi mini.

Rana ta uku kan dutsen ya bayyana. Baba ya saɓa ni a wuya muka ƙetare, har da gudu a tudu. Muka tarar da Inna zaune tana shan kunun kanwa, zazzaɓi ya sauka, jariri na barci. Da ta ji yadda aka yi, ta ce da ya kuskura ya shiga ruwan nan, da ita da kanta za ta kore shi da muciya. Baba ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Jaririn nan shi ne Bulus, wanda yanzu haƙoransa ba su fi huɗu ba, yana kuma taƙama wai shi kaɗai aka taɓa jira kwana biyu.

Yau akwai gada, jikokina suna ƙetarawa a kan babur ba sa ko duban ruwan. Da Baba zai dawo, na san gadar za ta burge shi, zai shiga ƙarƙashi ya duba aikin. Abin da ba zai gane ba shi ne uban da ke hana ɗansa ƙarya, sannan ya aike shi ƙofa ya ce wa baƙo ba ya nan.

Kujerun da ya sassaƙa duk gara ta cinye, gidanmu ma an rushe. Abin da ya rage shi ne wannan: na haifi bakwai, na hana su abubuwa da yawa, kuma duk lokacin da na buɗe baki zan ce kada, sai na fara tambayar kaina ko zan iya zama a bakin gulbi kwana biyu saboda wannan maganar. In ba zan iya ba, sai in yi shiru.