Hatsin Gwangwani da Kajin Gwaggo Atu

Gwaggo Atu 'yar Kebbe ce, aure ya kawo ta Jabo tun kafin a haife ni. Ba mu haɗa jini ba, katanga muka haɗa, amma duk unguwarmu Gwaggo muke ce mata. Gajera ce, mai saurin tafiya da saurin fushi, kuma in ta ce a'a, to ko liman aka ɗauko haka zai koma.

Sana'arta kiwon kaji. Ba irin na gidan gona ba, kajin gida masu yawo a tsakar gida suna tonon bola. Ta san halin kowacce. Akwai marowaciya, akwai mafaɗaciya, akwai wadda take kira Hajiya saboda tafiyar ƙasaita. Da asuba muryarta ke tashe mu, tana watsa musu tsaki tana yi musu faɗa kamar suna ji. Da kajin nan ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, da su ta taimaka wa mijinta Malam Sambo har babban ɗansu Nasiruddeen ya gama karatu ya sami aiki a Sakkwato.

Bara bayan an gama girbi ciwon ciki ya kayar da Malam Sambo, aka yi masa aiki a birni. Mutumin da ke saɓa buhun dawa shi kaɗai ya dawo gida riga na yawo a jikinsa. Tuwo ba ya wuce masa, don haka Nasiruddeen ya zo da gwangwanayen ots, wani abu fari-fari mai kama da dusa da ake damawa kamar kunu.

"Inna, ki riƙa dama mai wanga kahin cikin shi zauna. Shina da kyau ƙwarai," ya ce, ya koma bakin aikinsa.

Yaron bai yi laifi ba. Na 'yan kwanaki yake nufi. Amma Gwaggo ta ga abu a gwangwani, da rubutun boko a jiki, kuma daga hannun ɗanta mai ilimi, sai ta ɗauke shi magani. Ta ɗora shi can saman jeren kwanukanta ta rufe da ƙyalle. Safe da rana da yamma shi take dama wa Malam, tsararo, don kada ya yi saurin ƙarewa.

Ya kuwa ƙare. Nasiruddeen ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta buɗe baki ta ce ya ƙaro. Sai ta shiga kama kajinta ɗaya bayan ɗaya, tana ba ɗan kabu-kabu mai babur ya kai kasuwar Tambuwal ya sayar, ya sayo mata gwangwani a kanti. Tsakar gidan ya fara yin shiru, Malam kuwa bai ƙara ko tsoka ɗaya ba. Abin ya ci mini rai. Na ce mata ko romo ta yi masa mana, ta harare ni.

"Ke Kamila, kin fi wanda yay yi karatu sani?"

Ranar da za a je duba ɗinkin a asibitin Tambuwal ni na raka su. Nas ɗin da muka tarar, Hamdiya, Bakanuwa ce. Ta buɗe wurin ta ga har yanzu bai haɗe ba, ta ɓata fuska ta tambaya me yake ci. Gwaggo ta kwance bakin mayafi ta fito da gwangwaninta, tana jiran yabo.

"Inna, shi kaɗai? Wannan ai hatsi ne."

Su a Kano gero da dawa da masara duk hatsi ne. Mu a nan in ka ce hatsi, gero kake nufi, ba wani abu ba. Gwaggo ta dafe ƙirji.

"Hatsi? Hatsi dai wanga da muka nomawa?"

"Hatsi ne, Inna, na ƙasashen sanyi."

"Ga rumbu cike ga gida!"

Na so in gyara zancen, ta ɗaga mini hannu. Har gobe a wurinta ots gero ne da ya je Turai aka murje shi ya dawo. Na daina musu da ita, don da an ce mata wani iri ne na musamman da ba ta sake shi ba.

Hamdiya ta ja kujera ta yi mata bayani a hankali. Ta ce ots abinci ne mai kyau, yana ba da kuzari, yana riƙe ciki, yana sauƙaƙa bayan gida, kaza ba ta yin wannan. Amma abin da ke gina tsoka ya haɗe rauni, na cikin ots kaɗan ne in an gwada da na kaza, balle an dama shi ruwa-ruwa. Mai ɗinki a ciki yana bukatar nama da ƙwai da wake da madara, kunun ya biyo baya.

"Kuna da kaji a gida?" ta tambaya.

Gwaggo ta mayar da gwangwaninta ta ƙulle bakin mayafi. Sai da muka fito bakin titi muna jiran mota ta yi magana.

"Ashe maganin nai nika kamawa da hannuna nika aikawa kasuwa." Ta share ido da mayafi. "Kuma kada ki gaya ma yaron. Cutatai anka yi, shi ma bai sani ba."

Ban taɓa jin tausayinta kamar ranar ba. Tana cikin wannan hali, kunyar ɗanta ce ta dame ta.

Kajin da suka rage ba su da yawa. Ta ware masu ƙwai, kullum ta dafa wa Malam, ta yi masa faten wake, lokaci-lokaci a yanka zakara a yi farfesu. A nan wata damuwar ta ɓullo. Hannun Malam rawa yake yi, ba ya iya riƙe wuƙa, sai an kira maƙwabcinmu Ɗangiwa. Duk ranar da Ɗangiwa ya yi sallama da wuƙarsa, Malam sai ya juya fuska bango. Magidanci ne, kuma a gidansa wani ke yi masa yanka.

A hankali ɗinkin ya kame. Ya fara fita ƙofar gida, ya fara zuwa masallaci da sanda, daga baya ya ajiye sandar. Ita kuwa Gwaggo ta zube, don duk wannan hidima fura kawai take sha ta kwanta.

Wata Juma'a da hantsi ina gidan, ta kama wani zakara ta ce in leƙa in kira Ɗangiwa. Malam ya fito daga ɗaki yana naɗe hannun riga.

"Bari shi huta. Miƙo man wuƙa."

Ya fuskanci gabas, ya taka fukafukan, ya yi bisimilla. Hannun bai yi rawa ba. Gwaggo ta tsaya da ƙwarya a hannu tana kallonsa.

Da aka sauke tukunya ta zuba masa cinyoyi da ƙirji, ta ja wuya da ƙafafu gabanta. Malam ya miƙa hannu ya musanya kwanukan.

"Malam, mi na haka? Kai ab ba lahiya."

"Na warke, Atu. Tun da anka kawo ki gidanga ban taɓa ganin kin ci cinyar kazarki ba. Ci, ina kallo."

Ta ce ita ba ta saba ba, ta ce zai tsaya mata a wuya. Bai ɗauke ido daga kanta ba. Ta juya mana baya saboda kunya, ta ci tana kuka.